Gemun Auduga da Ɗankwalin Aro: Yadda Muka Koyi Wasa a Minna

Wasan da na fara fitowa a cikinsa, tsoho na fito. Ina ɗan shekara goma aka manna mini gemun auduga, aka ba ni sandar kara, muka shiga bin gidajen Limawa bayan an sha ruwa. Ba wanda ya kira shi wasan kwaikwayo. Tashe ne, neman gero da 'yan kwabbai. Amma yawancin 'yan wasan da na sani a Minna a wannan makaranta suka yi ajin farko.

Minna garin jirgin ƙasa ne, kuma wannan ya shafi sana'armu fiye da yadda ake zato. Gwarawa ne masu gida, ga Nufawa, ga Hausawa, ga Yarbawa da Ibo da layin dogo ya kwaso. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, aka haifi Ben Okri a 1959. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, gidan rediyo da na talabijin suka buɗe ƙofa. Ɗan wasan Kano yana da tabbacin kowa na jin habaicinsa. Mu kuwa sai ka saki maganar da za ta kashe Bahaushe da dariya, rabin zauren ya yi tsit yana kallonka. Dole ka koyi magana da ido da kafaɗa.

A sakandare littattafan Arewa muke ɗorawa a dandali, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma. Matsalar kullum ɗaya ce: iyaye ba sa barin 'yan mata. Ran nan malaminmu ya ce wa zai fito a matar gida, samari biyar suka sunkuyar da kai. Ni na ɗaga hannu, ba don jarumta ba, sai don an riga an rabe sauran. Na ari zani da ɗankwalin yayata, ta yini tana koya mini yadda ake murguɗa baki da tafa hannu in ana cacar baki. Na sha tsiya wajen abokai har ƙarshen zango. Sai dai a cikin 'yan kallo akwai wani mai shirya wasan rediyo, ya aiko a kira masa "yarinyar nan". Da ɗankwalin aro na shiga gidan rediyo.

Gwaninmu a lokacin Samanja ne. Sunansa Usman Baba Pategi, Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi, tsohon soja, amma ya ɗauki Hausar bariki mai gauraye da Turanci ya mayar da ita abin da Arewa duka ke jira a talabijin ɗin Kaduna. Allah Ya yi masa rasuwa a Nuwamban 2023. Mun so Ƙasimu Yero ƙwarai, amma Samanja ne ya cire wa yaron Minna kunyar Hausarsa. In Hausar da ta karkace za ta iya cika gida da dariya, to mu ma muna da jari.

Wata iskar daga Zariya ta kaɗo. Tun wajen 1975 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka fara fitar da wasa daga zaure zuwa ƙauye, a zauna da manoma a ji damuwarsu, a gina wasa a kanta. Mu ta hanyar wasannin rigakafi da tsabtar ruwa salon ya iso mana. Wasu abokaina suka raina shi, wai aikin masu shela ne. Ni na bi motar masu wasan. A wani ƙauyen Gwarawa bayan Bosso, abokin wasana ya koya mini jimla uku cikin Gwaranci. Na faɗi ta farko, kasuwa ta ɓarke da dariya a inda ya kamata a yi jimami. Ashe na karya muryar kalmar, ma'ana ta juye. Wata tsohuwa ta ajiye kayan da ke kafaɗarta, ta shigo tsakiyar fili, ta maimaita mini har sau uku. Da na faɗa daidai aka yi guɗa. Daga nan mutanen suka karɓe wasan, suna gardama da mu kan rijiyarsu har la'asar. Ban taɓa samun darakta kamar tsohuwar nan ba.

Zauren U.K. Bello, mai sunan dogarin Janar Babangida da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1990, shi ya zama gidanmu na manyan ranaku, kuma a 2009 Minna ta karɓi bikin al'adu na ƙasa, NAFEST. Amma kafin nan bidiyo ya riga ya canza lissafi. Tun da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, samarinmu suka riƙa hawa motar Kano. Ban ga laifinsu ba. Dandali bai taɓa ciyar da gida shi kaɗai ba. Abin da na lura kawai, waɗanda suka daɗe a can su ne waɗanda a nan suka yarda su riƙe fitila, su ɗauki benci, su fito a ɗan aike.

Yanzu yara na zuwa wurina da waya a hannu, kowa na son ya fito a jarumi a TikTok. Ku yi, ƙannena, wayar ma dandali ce. Amma in an kira ku wasa a Kpakungu ko Chanchaga, ko da fitowar minti biyu ce, ku je. Kafin ku tafi, ku sami wani ya koya muku gaisuwa da Nufanci da Gwaranci.