Auren baƙo da ɗan ƙasa: abin da dokar Nijar ta tanada

A Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, auratayya da ƴan Najeriya tsohon abu ne: fatauci da cinikin dabbobi sun daɗe suna haɗa zuri'a da Katsina da Sakkwato. Sai dai ɗaurin aure daban, takardar zama ɗan ƙasa daban.

Tushen dokar shi ne ƙudiri mai lamba 84-33 na ranar 23 ga Agusta 1984. A lokacin, namiji ne kawai ke iya bai wa matarsa baƙuwa ƙasarsa. Gyaran 1999 ya ba mace damar gadar wa ɗiyanta ƙasarta daidai da namiji. Doka mai lamba 2014-60 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta ƙara abu biyu: mijin ƴar Nijar ma na iya neman zama ɗan ƙasa, kuma an halatta riƙe ƙasa biyu.

Amma auren kaɗai ba ya wadatarwa. Sai ya cika shekara 3 bisa doka, ma'auratan suna tare ba rabuwa, mai neman kuma ya zauna Nijar shekara 3 bisa ƙa'ida, da hali nagari da hanyar samun abinci. Daga nan ne hukuma ke amincewa ta hanyar dekire.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne hujja. Auren da aka ɗaura a masallaci ko zaure, ba a kai shi ma'aikatar magajin gari ba, ba shi da takarda. Wanda wa'adi ya wuce masa sai ya nemi hukuncin kotu da shaidu.

A 2025 lamarin ya ƙara nauyi. Ranar 13 ga Janairu an sa hannu kan sabuwar dokar shiga da zaman baƙi, wadda ta tsananta hukunci, ta kuma wajabta wa mai saukar da baƙo sanar da hukuma. Ranar 29 ga watan Nijar ta kammala fita daga CEDEAO, ko da yake ƙasashen AES sun ce ƴan ƙungiyar za su ci gaba da shigowa ba biza.

Kafin dekire ya fito, miji ko matar da ta zo daga waje baƙuwa ce a idon doka, ko da ɗiyansu ƴan ƙasa ne.