Kakin Farafin a Madadin Mai: Nazari Kan Cinyewar Sarƙar Keke a Yanayi Mai Ƙura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin cinyewar sarƙar keke, da abin da ya sa tsoma ta cikin narkakken kakin farafin ke rage barnar. Hujjar maƙalar ita ce, a inda ƙura ta yi yawa, babban aikin abin shafawa shi ne toshe hanyar datti, rage gogayya yana biyo baya.

Inda sarƙa take cinyewa

A sarƙar keke ta yau, wadda ta samo asali daga wadda Hans Renold ya ƙirƙiro a Manchesta a 1880, tazarar da aka saba da ita tsakanin ƙusa da ƙusa ita ce milimita 12.7. Masu keke kan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin ne suke cinyewa, ramukansu su buɗe, sai tsawon ya ƙaru. Tazara 24 a sabuwar sarƙa milimita 304.8 ce. Idan ta ƙaru da kusan milimita 1.5, wato kashi 0.5 cikin ɗari, sarƙar keke mai giya da yawa ta fara cin haƙoran da take hawa, kuma su suka fi ta tsada.

Abin da gwaji ya nuna

A 1999 James Spicer da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna ƙarfin da sarƙa ke isarwa daga feda zuwa tayar baya. Sun samu daga kusan kashi 81 zuwa 98.6 cikin ɗari, gwargwadon girman haƙora da yadda sarƙar ta ɗame. Abin mamakin shi ne, a ɗakin gwaji mai tsabta, nau'in man da aka shafa bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Spicer ya fassara hakan da cewa mai yana cike gurbin da datti zai shiga. Daga baya, gwaje-gwajen Jason Smith na ɗakin gwajin Friction Facts a Kolorado, waɗanda mujallar VeloNews ta buga a 2013, sun sanya farafin a gaban man ruwa wajen ƙarancin asarar ƙarfi.

A nan ne yanayinmu ya shigo. Ƙurar hunturu, wadda kwarin Bodele na Chadi ke cikin manyan maɓuɓɓuganta, tana haɗuwa da rairayin hanya mai ƙwayoyin ma'adinin kwaz, kuma kwaz ya fi yawancin ƙarafa tauri. Baƙin man inji da mai gyaran keke ke ɗiga wa sarƙa daga tsohuwar roba yana kama wannan ƙura, ya ja ta cikin gaɓa. Duk wanda ya murza baƙin dattin tsakanin yatsu biyu zai ji shi ƙaras-ƙaras. Wasa ƙarfe yake yi. Kaki kuwa daskararre ne, ƙura ba ta samun wurin maƙalewa, wadda ta hau ma tana zubewa tare da ɓarɓashinsa.

Wanki da tsomawa

Galibin masu kuka da kaki a wajen wanki suka yi sake, domin ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. Ana cire sarƙar, a girgiza ta cikin kwalba da kananzir, ana sauyawa har ya fito garau. Shi ma kananzir yana barin maiƙo, don haka sai a ɗauraye da sifirit, a shanya. Sabuwar sarƙa ba ta tsira ba, giris ɗin masana'anta ya fi komai naci.

Farafin yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68 a ma'aunin Salsiyas. A wuri kamar Sakkwato, inda zafin Afrilu ke wuce 40, wanda ke narkewa a zafi mafi girma ya fi dacewa. Kyandir na kasuwa kuma sau da yawa gauraye yake da turare da wasu mayuka. Ana narkar da kakin a tukunyar da aka ɗora cikin ruwan zafi, saboda yana kama wuta. A tsoma sarƙar, a motsa ta har kumfar iska ta daina tasowa, alamar kakin ya ratsa ciki. Bayan ta huce takan sandare kamar kara, sai an lanƙwasa kowace gaɓa da hannu kafin a mayar.

A kan busasshiyar hanya ana maimaita tsomawar bayan kimanin kilomita 300. Da damina lissafin ya sauya: kakin da ya goge ba ya komawa wurinsa kamar mai, kuma sarƙar da ta kwana a jiƙe tana iya wayar gari da tsatsa.