Kula da ƙaramin yaro bayan an yi wa uwa aikin ciki: abin da ya kamata iyali su sani

A gidaje da yawa na Maraɗi, ranar da aka sallamo mace daga asibiti bayan an yi mata aikin ciki, wanda yake fara tarbarta a bakin zaure shi ne ƙaramin ɗanta, ya ɗaga hannuwa yana son a ɗauke shi. Ɗaukar nan kuwa tana cikin abubuwan farko da likita ya hana ta. Yaro mai shekara ɗaya zuwa uku bai san ɗinki ba. Abin da ya sani shi ne goyo da cinya da nono. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata uwa da mai gida da sauran dangi su sani, domin a wuce makonni shida na farko lafiya, ɗinki bai ɓaci ba, yaro kuma bai ji an yar da shi ba.

Wane irin aiki ake nufi

Aikin cikin da aka fi yi wa mata masu ƙananan yara shi ne na fidda jariri, wanda ake kira sezariyan. A Nijar gwamnati ta mai da shi kyauta a asibitocinta tun 2005, a 2006 kuma aka ƙara da kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar yara 7,6 a matsakaicin lissafi, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya haura 8. Inda haihuwa take kusa-kusa haka, da wuya mai jego ta koma gida ba ta tarar da wani yaron da bai daɗe da fara tafiya ba.

Akwai kuma aikin ƙari a mahaifa, da na ƙaba, da na tsakuwar matsarmama, da na yoyon fitsari irin wanda ake yi a cibiyar Danja da ke ƙaramar hukumar Jiratawa, wadda aka buɗe a 2012. Sai aikin rage ƙiba, wanda masu hali ke zuwa yi a ƙasashe irin su Tunisiya da Turkiyya da Faransa. A wannan aiki ko dai a yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbi, ko a rage shi a sauya wa abinci hanya zuwa hanji. Yawanci ta ƴan ƙananan huji ake yin shi da na'ura mai kyamara, shi ya sa mai shi kan ɗauka ta warke da wuri. Dokar ɗaukar nauyi dai ta shafi dukkan waɗannan ayyuka.

Me ya sa ake hana ɗaukar nauyi

Fata tana haɗewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma ɗinkin da ke riƙe da ciki yana ƙarƙashinta, a jikin tantanin da ya lulluɓe tsoka, kuma shi a hankali yake ƙarfi. A mako na uku wurin da aka yanka bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa na da ba. Sai bayan wata uku yake kaiwa wajen kashi 80. Duk lokacin da mace ta yunƙura, ko ta ɗaga kaya, ko ta yi nishi a ban ɗaki, matsi yana ƙaruwa a cikin ciki ya tura ɗinkin. In ya saki, hanji na iya turowa ƙarƙashin fata ya zama ƙaba, gyaranta kuma sai an sake wani aikin.

Saboda haka likitoci kan hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ko nauyin jaririn da aka haifa, har tsawon mako huɗu zuwa shida. Masu aikin yoyon fitsari hutunsu ya fi haka tsawo. In aka duba ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan shekara ɗaya yana kai kilo 9, ɗan shekara biyu wajen kilo 12, ɗan shekara uku wajen kilo 14. Ke nan ko mafi ƙanƙanta a cikinsu ya kusa ninka abin da aka halatta. Bidon ruwa mai lita 25 kuwa kilo 25 ne cif. Daka, da jan ruwa a rijiya, da sauke tukunyar tuwo, da wanki a duƙe, duk suna cikin abin da za a jingine.

Goyo ma yana ciki. Kafin yaro ya hau baya sai uwa ta duƙa ta cilla shi, ta miƙe da nauyinsa, sannan ta ɗaure majanyi a kan cikin da aka ɗinke.

Shiri tun kafin ranar aiki

In an san ranar aiki, a zauna a raba aiki tun da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

- A tsayar da mutum ɗaya babba da zai riƙe yaron dare da rana a mako biyu na farko: kaka, ko goggo, ko ƙanwar uwa, ko abokiyar zama. Yarinya ƴar shekara bakwai tana iya wasa da ƙanenta, amma ba ta isa a bar mata shi kusa da murhu, ko rijiya, ko bakin titi ba.
- Yaron ya saba da mai riƙon tun kafin uwa ta tafi: ta riƙa ba shi abinci, ta yi masa wanka, ta goya shi.
- A sauko da kayansa ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa masa katifa ko tabarma da zai hau da kansa, da gidan sauro nasa.
- Mai gida ya ɗauki nauyin ruwa da itace ko gawayi da cefane, ya kuma tanadi kuɗin mota na komawa asibiti. Matar da ke Tsibiri ko Jiratawa kada ta hau kabu-kabu da sabon ɗinki, balle ta rungumo yaro a kai.
- Ma'aikaciya ta tuna dokar ƙwadago ta Nijar ta ba ta hutun haihuwa na mako 14. In aikin ba na haihuwa ba ne, ta nemi takardar hutu daga likitan da ya yi mata shi.

Yadda za a kula da yaro ba tare da an ɗauke shi ba

Abin da yaro yake nema shi ne jikin uwarsa, kuma ana iya ba shi wannan a zaune. Uwa ta zauna ta jingina, ta ɗora matashi a kan ciki, yaron ya zo da ƙafarsa ya zauna a gefenta. Matashin shi ne garkuwa daga harbin ƙafa da faɗowa ba zato. In zai hau gado a sa masa ƴar kujera ya taka. Abinci a ci tare a kan tabarma. Wanka da tsarki da goyo na mai riƙo ne, uwa tana kusa tana yi masa magana.

A gaya masa gaskiya da gajerun kalmomi: «Inna tana da ciwo a nan, zo ka zauna kusa da ni.» Ɗan shekara biyu yana gane haka in ana maimaita masa. Da dare kada ya kwana manne da cikin uwa, musamman in ta sha maganin ciwo mai sa barci.

Ita kanta uwa, in za ta tashi daga kwance, ta juya gefe, ta sauke ƙafafu, ta tura da hannu. In tari ko atishawa ta zo, ta dafe wurin da matashi. Hutu kuma ba kwanciya wuni guda ba ne: ƴar tafiya a tsakar gida sau da yawa a rana tana motsa hanji, tana kuma hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Salla a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa da ruku'u za su cutar.

Yaye da sauyin halin yaro

Ba mamaki yaron ya koma yawan kuka, ko ƙin abinci, ko fitsarin kwance bayan ya daina. Haka yara ke nuna damuwa, kuma yana wucewa in an bar masa lokutan cinsa da barcinsa yadda ya saba. Duka da tsawa ƙara dagula shi suke yi.

An saba a yaye yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. In hakan ya haɗu da tafiyar uwa asibiti, ya rasa nono da uwa a lokaci guda, a nan ne yara da yawa ke fara ramewa. In aikin ba na gaggawa ba ne, a yi yayen a hankali makonni kafin ranar, ko a bari sai uwa ta murmure. Yawancin magungunan sa barci na ɗakin aiki ba sa hana shayarwa da zarar uwa ta farfaɗo sosai. A tambayi likita game da magungunan da aka rubuta mata. A ci gaba da kai yaron awo da rigakafi a CSI ko da wani ne zai kai shi, kada kuma ya rasa maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara wata-wata a damina.

Abinci da ruwa

Rauni da abinci mai gina jiki yake warkewa: wake, ƙwai, nama, kifi, nono, ƙuli-ƙuli. Zogale da sauran ganyen da ake nomawa a lambunan Jiratawa suna taimakawa wajen ƙarin jini da laushin bayan gida. A sha ruwa sosai, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40.

Wadda aka yi wa aikin rage ƙiba dokarta daban ce. Wajen mako biyu na farko abu mai ruwa-ruwa kawai za ta sha, sannan abinci markaɗaɗɗe, sannan mai laushi, kafin ta koma abincin gida bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Tumbin ya zama ƙarami, ba ya ɗaukar kofi guda a lokaci ɗaya, don haka sai ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har ta kai kusan lita ɗaya da rabi a wuni, ba ta haɗa ci da sha. Uwar da hankalinta ke kan yaro tana mantawa da kurɓar nan, sai jiri ya kwashe ta. Shi ya sa ba a son ta kaɗaita da yaro a kwanakin farko. Kada ta riƙa cinye ragowar abincinsa, kada kuma a rage masa nasa don ita ta rage. Za ta daɗe tana shan ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini, sau da yawa har iya rayuwa, kuma in tana shayarwa ƙarancin bitamin B12 a jikinta yana shafar yaron. Ana son ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumi kuma sai da shawarar likita.

Wankan jego da kunun kanwa

Mai sezariyan ba za ta yi wankan jego irin na al'ada ba. Tafasasshen ruwa da bugun ganye a kan ɗinki suna ƙona fata su buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, kada a shafa toka ko man gargajiya. Kaskon ruwan zafi a tsakar gida shi kansa haɗari ne ga yaro mai tatata.

Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta hau da jini. A yi kunun ba kanwa.

Magunguna

Ƙwayoyin ƙarin jini suna kama da alewa, kuma kaɗan daga cikinsu na iya halaka ƙaramin yaro. Haka ma tiramadol. A kulle su a sama, ba ƙarƙashin matashi ko cikin kwalla ba. Mai shayarwa kada ta sha tiramadol ko kodin ba da sanin likita ba, domin suna bin nono su danne numfashin jariri. Wadda aka yi wa aikin tumbi ta guji ibuprofen da diklofenak, suna jawo gyambo. Magani daga farmasi ake saye da takardar likita, ba a hannun masu talla ba.

Alamomin da ba a jira da su

A koma asibiti nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko rawar ɗari;
- wurin ɗinki ya yi ja, ya kumbura, yana fidda mugunya, ko ya buɗe;
- jini mai yawa da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya;
- ciwon ciki da ke ƙaruwa, amai ba tsayawa, ko rashin fitar iska da bayan gida;
- kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, ko ƙarancin numfashi;
- bugun zuciya da sauri ko a zaune, musamman bayan aikin rage ƙiba;
- ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ga mai jego;
- baƙin ciki da ya wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kai ko yaro.

Na ƙauye su fara da CSI mafi kusa, daga nan a tura su Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, ko asibitin jiha, ko babban asibitin Maraɗi. A tafi da takardun aikin, ko da a waje aka yi shi.

Bayan mako shida, in likita ya duba ya ba da izini, a koma ɗaukar yaro a hankali: a durƙusa, a rungumo shi kusa da ƙirji, a miƙe da ƙarfin ƙafafu. A wannan zuwan ne kuma ya dace a yi maganar tazarar haihuwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, mai tabon sezariyan kuwa ta fi kowa buƙatar wannan hutu, kuma haihuwarta ta gaba a asibiti za ta kasance.