Yadda Manya Suka Gina Duniyarsu da Bulon Lego, da Yadda Kamfanin Ya Saye Ta

A ƙarshen watan Nuwamban 2019 kamfanin Lego na ƙasar Denmak ya sanar da cewa ya sayi BrickLink, wata kasuwar intanet inda ake sayar da bulolin wasansa na roba, sababbi da na hannu, ɗaya bayan ɗaya. A lokacin kasuwar tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya da shaguna sama da 10,000 a ƙasashe 70. Akasarin masu hada-hada a cikinta manyan mutane ne: injiniyoyi, malaman makaranta, lauyoyi da masu zanen gine-gine, waɗanda ke kwashe sa'o'i suna harhaɗa jiragen ƙasa da gadoji da birane daga ƙananan bulolin da aka ƙera domin yara. Shekaru 25 kafin wannan ciniki, kamfanin bai ɗauki irin waɗannan mutane a bakin komai ba. Su suka kafa wannan sha'awa da hannunsu, suka samar mata kasuwa da kayan aiki da ƙa'idoji, kuma tarihinta ya ƙunshi tambayar da ta wuce batun wasa: idan jama'a suka gina wani abu a kan hajar kamfani, wa ke da shi a ƙarshe?

Bulon da ba ya tsufa

Tushen labarin yana garin Billund, inda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta tsayar da aikin gini. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna Lego, daga kalmomi biyu na harshen Denmak masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1947 ya mallaki injin zuba narkakkiyar roba, a 1949 kuma bulolin farko suka fito, bisa samfurin bulon kamfanin Kiddicraft wanda Hilary Page ya ƙirƙira a Birtaniya. Waɗancan buloli cikinsu fanko ne, ba sa riƙe juna da ƙarfi, don haka gini kan rushe da zarar an ɗaga shi.

Gyaran ya zo a ranar 28 ga Janairun 1958, sa'ad da ɗansa Godtfred ya nemi rajistar mallakar sabon tsari: an saka 'yan bututu a ƙarƙashin bulon, ta yadda maɓallan saman wani bulo za su matse tsakanin bututun da bango. A 1963 aka koma amfani da robar ABS, wadda ba ta saurin lanƙwashewa ko koɗewa. Daga nan awon bai sauya ba. Tsakanin maɓalli da maɓalli milimita 8 ne, tsayin bulo milimita 9.6, siririn falle kuma kashi ɗaya cikin uku na wannan tsayi. Bulon da aka zuba a 1958 yana kama na bana daram.

Wannan daidaito shi ne ya buɗe wa manya ƙofa, ko da yake ba da su aka yi niyya ba. Yawancin kayan wasa suna mutuwa tare da ƙuruciyar mai su. Bulon Lego kuwa yana iya yin shekara 20 a kwali a bayan ɗaki, a fito da shi ya shiga cikin sabon gini. Abin da ba ya tsufa ana gadonsa, ana tara shi, ana sayar da shi. Sannan fagen da yake bayarwa ba shi da iyaka a aikace. Masanin lissafi Søren Eilers na Jami'ar Copenhagen ya ƙidaya cewa buloli shida masu maɓallai takwas-takwas, masu launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765.

Waɗanda suka dawo daga shekarun duhu

Yaran da suka tashi da kwalayen Technic na 1977 da 'yan mutanen roba na 1978 sun zama magidanta a farkon shekarun 1990. Da yawansu sun ajiye bulo a lokacin samartaka, tsakanin da su da kansu ke kira shekarun duhu, sannan suka dawo masa da albashi a aljihu. Kowa yana gininsa a ɓoye, yana zaton shi kaɗai ne babban da bai rabu da kayan yara ba. Intanet ce ta nuna musu yawansu. Zuwa 1994 suna da zauren tattaunawa na kansu a tsarin Usenet, a nan ne kuma suka soma kiran kansu AFOL, taƙaitaccen lafazin Ingilishi da ke nufin manya masoya Lego. Ginin da mutum ya ƙago da kansa, ba tare da bin littafin umarnin kamfani ba, suka sa masa suna MOC, kuma shi ne ma'aunin gwaninta a tsakaninsu har yau.

Duk abin da suka rasa, sai suka ƙera shi. A 1995 wani ɗan Ostareliya, James Jessiman, ya rubuta manhajar LDraw domin zana gini a kwamfuta da kwatancin buloli. Ya rasu a 1997, amma masu sa-kai suka ci gaba da aikin, suna ƙara siffar kowane sabon ɓangare. A 1998 Todd Lehman da Suzanne Rich suka buɗe LUGNET, wadda ta zama matattarar ƙungiyoyin magina na garuruwa daban-daban. A 2000 Dan Jezek ya kafa kasuwar da ta zama BrickLink, domin mai bukatar falle 300 masu launin toka ya same su ba tare da ya sayi kwalaye 50 ba. A wannan shekarar aka yi taron BrickFest na farko a jihar Virginia ta Amurka.

Sun kuma faɗaɗa ilimin ginin kansa. Misali, tsayin falle biyar daidai yake da faɗin maɓallai biyu, wato milimita 16. Wanda ya gane wannan yana iya kwantar da bulo a gefensa ya saka shi cikin bango ba tare da an ga giɓi ba, ya sami fuska sumul, ko rubutu, ko kwana mai laushi irin ta jikin mota. Maginan wuraren shaƙatawa na Legoland sun san irin waɗannan dabaru, amma masu sha'awa ne suka sa musu suna, suka rubuta su, suka koya wa juna.

Duk wannan lokaci kamfanin yana kallonsu daga nesa. A lissafinsa yaro shi ne mai saye, kuma yana da ƙa'idar ƙin karɓar shawarar ƙira daga waje domin gudun shari'ar mallaka.

Inda bango ya tsage

Sauyin ya fara da Mindstorms, kwalin butum-butumi da aka fitar a 1998 bayan doguwar hulɗa da ɗakin binciken kafofin sadarwa na MIT. A tsakiyarsa akwai bulo mai ƙaramar kwamfuta, RCX. An yi shi domin yara 'yan shekara 12 zuwa sama, sai ga manya sun yi masa rubdugu. Cikin makonni kaɗan Kekoa Proudfoot, ɗalibi a Jami'ar Stanford, ya warware yadda cikin bulon ke aiki ya wallafa. Dave Baum ya rubuta masa harshen umarni mai suna NQC, Markus Noga na Jamus kuma ya rubuta sabuwar manhajar sarrafawa ɗungurungum. Kamfanin yana da zaɓin tura lauyoyi. Maimakon haka ya bar su, har ya sanya izinin yin irin wannan gyara a cikin lasisin manhajar. Sai dai ya kare sunansa: manhajar Noga, wadda aka fara kira legOS, daga baya ta koma brickOS. Wannan iyaka ta nuna yadda dangantakar za ta kasance. An ba su damar taɓa kayan, sunan kuwa na kamfani ne.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1998 Lego ya yi asararsa ta farko. Ya riga ya bazu zuwa tufafi da agogo da wasannin kwamfuta da wuraren shaƙatawa, nau'o'in ɓangarorin da yake zubawa kuma daga baya suka kai kusan 13,000. A 2003 cinikinsa ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a 2004 asarar ta kusa kurona biliyan biyu. A shekarar ce kuma ya sauya launin toka da ruwan ƙasa ba tare da tuntuɓar kowa ba. Ga yaro wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya shekara goma yana tara bulon toka domin ginin ganuwa, sabon launin ya raba dukiyarsa gida biyu, kuma fushin da ya biyo baya ya nuna wa kamfanin cewa akwai masu saye da suka fi wasu ma'aikatansa sanin hajarsa.

A watan Oktoban 2004 Kjeld Kirk Kristiansen, jikan Ole, ya miƙa shugabanci ga Jørgen Vig Knudstorp mai shekara 35. Knudstorp ya rage nau'o'in ɓangarori zuwa kusan 7,000, aka sayar da mafi yawan hannun jarin wuraren Legoland a 2005, aka mayar da hankali kan bulo. Tsuke kashe kuɗi da kwalayen yara irin su Bionicle da Star Wars su ne suka fi ɗaukar nauyin farfaɗowar. Abin da manyan magina suka kawo shi ne sani, da hujjar cewa tsohon tsarin bulo bai ƙare ba. A 2005 aka kafa shirin jakadu daga ƙungiyoyinsu. Sabon Mindstorms na 2006 an tsara shi tare da wani ƙaramin kwamiti da ya fara da masu sha'awa huɗu. Jamie Berard, wanda aka ɗauka aiki daga cikinsu, ya ƙera Café Corner a 2007, gini mai ɓangarori sama da 2,000 wanda ya buɗe jerin gidajen da ake jonawa su zama unguwa. Adam Reed Tucker, mai zanen gine-gine a Chicago, ya kawo tunanin da ya zama jerin Architecture a 2008. A shekarar aka fara Cuusoo a Japan, wanda ya koma Lego Ideas a 2014: ƙirar da ta sami goyon bayan mutum 10,000 za a duba ta, idan an ƙera ta mai ita ya karɓi kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin.

Ribar rungumar da farashinta

Yau babban mutum ba ya jin kunyar sayen Lego. Tun 2020 kamfanin yana buga alamar shekara 18 zuwa sama a kan wasu kwalaye. Akwai furanni na ajiye wa a falo, da jirgin ruwan Titanic mai ɓangarori 9,090 na 2021, da hasumiyar Eiffel mai 10,001 ta 2022. Bulon ya shiga gidajen adana kayan fasaha. Nathan Sawaya ya bar aikin lauya a New York a 2004 domin ƙera mutum-mutumi da shi. Ekow Nimako, ɗan Kanada mai asali daga Ghana, ya yi amfani da baƙaƙen ɓangarori kusan 100,000 ya hasko birnin Kumbi Saleh na tsohuwar daular Ghana kamar yadda zai kasance a shekara ta 3020, aikin kuma yana gidan tarihi na Aga Khan a Toronto.

Amma rungumar ta zo da sharuɗɗa. A 2015 kamfanin ya ƙi sayar wa mai fasaha ɗan ƙasar Sin, Ai Weiwei, buloli masu yawa domin wani baje-koli a Melbourne, bisa dalilin cewa aikin na siyasa ne. Sai da jama'a suka riƙa tara masa nasu kafin kamfanin ya daina tambayar masu saye da yawa abin da za su gina, a watan Janairun 2016. Bayan sayen BrickLink, an cire kayan wasu ƙananan masana'antu daga kasuwar, irin su BrickArms mai ƙera ƙananan makaman zamani waɗanda Lego ba ya yi. Masu fenti da buga zane a kan ɓangarori, waɗanda gyara shi ne sha'awarsu, sun ga fagensu ya tsuke. A ƙarshen 2022 aka daina Mindstorms, kwalin da ya fara buɗe ƙofar.

Dalilin wannan riƙo ba ɓoyayye ba ne. Kariyar ƙirar 1958 ta ƙare tuntuni. Kotun ƙolin Kanada a 2005 da kotun Tarayyar Turai a 2010 sun ƙi yarda a mayar da siffar bulon alamar kasuwanci ta dindindin. Kowa na iya zuba bulo mai wannan awo, kuma kamfanoni da dama a Sin da Turai suna yi. Abin da ba a iya kwaikwaya cikin sauƙi shi ne jama'ar da ke kewaye da sunan, da kundin ɓangarori da farashi da masu sa-kai suka shekara 19 suna cikawa. Wannan ne Lego ya saya a 2019.

Akwai kuma sauyi a cikin sha'awar kanta. Maginan shekarun 1990 sun ɗauki kwali a matsayin ma'adinar ɓangarori: a buɗe, a rarraba, a gina abin da ke kai. Da yawa daga masu shigowa yanzu suna bin littafin umarni shafi bayan shafi, su ajiye abin a kan kanta, wasu ma ba sa buɗe kwalin domin jiran farashi ya tashi. Babu laifi a neman natsuwa bayan aiki, amma wannan hanya ba ta haifar da LDraw ko NQC. Dabarun da kamfanin yake sayarwa yau sun fito ne daga mutanen da suka ƙi tsayawa inda littafin ya tsaya, a lokacin da babu wanda ya ba su izini.

Abin da ya rage a hannun magina shi ne awon nan na milimita 8. Kamfanin ba zai iya sauya shi ba tare da ya karya darajar duk bulon da ya taɓa sayarwa ba, ba zai kuma iya hana wasu amfani da shi ba. Kundin LDraw har yanzu masu sa-kai ne ke riƙe da shi, ƙungiyoyin garuruwa kuma suna shirya tarukansu da kansu. Muddin haka ya ɗore, wanda ya wargaza jirgin Titanic ya gina masallaci ko tashar jirgin ƙasa da ɓangarorinsa ba ya bukatar amincewar kowa a Billund.