Manga Bell: Labarin da Ya Kamata 'Ya'yan New Bell Su Ji Daga Bakin Iyayensu

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa da labari ake gina halin yaro. A littafi na uku na Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya sa Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa zaman duniya ta hanyar hikayoyi. To mu mazauna Duwala muna da namu labarin na gaske, kuma a kansa aka kafa unguwar New Bell.

A 1884 sarakunan Duwala, ciki har da Ndumbe Lobe Bell, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa bisa sharaɗin ƙasar da mutane ke zaune a kai ta ci gaba da zama tasu. A 1910 Jamusawa suka yi fatali da alkawarin, suka shirya tashin 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri, a mai da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da Turawa. Ɗaya daga wuraren da aka keɓe musu shi ne New Bell, inda daga baya baƙi, har da kakanninmu Hausawa, suka sami masauki.

Jikan wancan sarki, Rudolf Duala Manga Bell, a Jamus ya yi karatu, kuma yana karɓar albashi daga hannun gwamnatinsu. Da ya yi shiru, da ya ci gaba da sarautarsa lafiya. Sai ya kai ƙara har majalisar Jamus. Aka tuɓe shi a 1913, bai janye ba. Ya tura magatakardansa Ngoso Din zuwa Jamus don neman masu goyon baya. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye su biyun bisa zargin cin amana.

Mutanen Duwala ba su bar sunansa ya ɓace ba. Suka adana shi a waƙar Tet'Ekombo, wadda 'ya'yansu ke tasowa da ita.

Mu fa, me muke gaya wa namu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji daga bakin mahaifinsa cewa wani ya zaɓi igiya a kan ya sayar da amanar jama'arsa, zai yi wuya ya yi shaidar zur don 'yan kuɗi kaɗan. Allah ya ba mu zuriya masu tsayawa kan gaskiya.