Wa zai biya kuɗin motar kwana-kwana? Zare daga ɗan Kademi

1/ Jama'a, ku ba ni minti uku. Hutun da ya wuce ina gida Kademi, cikin hunturu, wuta ta kama rumbun maƙwabcinmu da daddare. Bokiti da ƙasa muka sa. Dawar shekara guda ta tafi. Babu wanda ma ya yi tunanin kiran 'yan kwana-kwana, domin a ranmu wannan abin 'yan birni ne.

2/ Da safe na ce wa kakana: "Malam, da za a sa wa kowane gida ɗan kuɗi a shekara a sayi motar kashe gobara fa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, haraji ke nan ka sake wa suna." Maganar nan ce ta mayar da ni karatun tarihi.

3/ Zamanin En'e, magidanci na biyan haraji, mai shanu na biyan jangali. Dagaci ya tara, ya kai wa hakimi, a zuba a baitulmali. Da kuɗin aka yi manyan ayyuka a birnin Kano, irin su asibiti da ruwan famfo na Challawa. Amma manomin karkara da ya biya, me ya gani a ƙofar gidansa?

4/ Shi ya sa da Abubakar Rimi ya zama gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Ni a fahimtata, ba biyan ne kawai ya dame su ba. Wulaƙancin karɓa ne, da rashin ganin inda kuɗin ya shiga.

5/ To wasu ya suka yi da tasu wutar? Mu leƙa Landan. A 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da dubu 13. Bayan nan kamfanonin inshora suka kafa nasu 'yan kwana-kwana, suna manna tambari a bangon gidan da ya biya su.

6/ A 1833 suka haɗe rundunoninsu wuri guda. A 1861 gobarar Tooley Street ta kashe shugabansu James Braidwood, ta kuma jawo musu asara mai yawa. Suka ce wa gwamnati nauyin ya fi ƙarfinsu.

7/ Sai aka yi doka a 1865, rundunar gwamnati ta fara aiki a 1866. Kuɗinta daga wuri uku: harajin gidaje, kason kamfanonin inshora, da tallafin gwamnati. Dalili? Wuta ba ta tambayar rasiti. In ta kama gidan da bai biya ba, na kusa da shi za ta ci.

8/ Inda aka manta da wannan, an ga abin takaici. A 2010 a jihar Tennessee ta Amurka, 'yan kwana-kwana suna tsaye wani gida ya ƙone, don mai shi bai biya dala 75 ta shekara ba.

9/ Mu dawo gida. A Maris 2016 gobara ta cinye shaguna fiye da dubu uku a kasuwar Sabon Gari, wadda ke ɗauke da sunan Rimi ɗin nan. Wannan fa cikin birni ke nan, inda motoci suke. Ina ga kasuwar ƙauye ko rumbun manomi a Gaya da Ajingi?

10/ Ra'ayina: kuɗin gobara zai yiwu, amma da sharaɗi. A ware masa asusu na daban. A riƙa karanta lissafi a gaban jama'a. Mai babban shago ya fi mai rumbu biya. Kuma wanda ya biya da wanda bai samu hali ba, duk a kashe musu wuta.

11/ Na mayar wa kakana da wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "In na ga motar da ruwa a cikinta, ni zan fara biya." Ku fa, 'yan garinmu? Nawa za ku iya bayarwa a shekara, kuma wa kuka yarda ya riƙe kuɗin?