Naman kazan suri

Naman kazan suri nau'in naman kaza ne da ke tsirowa da damina a kan surin gara ko a gefensa. Masana na kiran jinsinsa Termitomyces, sunan da masanin Faransa Roger Heim ya raɗa masa a 1942. A Afirka da kudancin Asiya ake samunsa. A ƙasar Wanke da ke kudu da Gusau, da yankunan Tsafe da Bungudu, rani yana da tsawo, ganye ba ya samun damshin da zai ruɓe a ƙasa kamar a dazuzzukan Turai, amma a cikin suri naman kazan na samun mafaka.

Gara ce ke noma shi. Takan cinye kara da busasshiyar ciyawa da itace, ta kasayar da su ba su gama narkewa ba, ta gina wani abu mai ƙofofi kamar saƙar zuma a ɗakunan suri. A kansa naman kazan ke yaɗa zarensa, ya narkar da abin da cikin gara ya kasa, ya fitar da ƙananan fararen ƙwayoyi da take ci. Ita kuwa tana tsare masa damshi da ɗumi har cikin bazara. Nau'in gara kusan 330 ke wannan noma. Idan ruwa ya zauna, sai naman kazan ya miƙo doguwar jijiya daga can ƙasa, tsinin da ke tsakiyar hularsa ya huda laka ya fito. Mafi girmansa, Termitomyces titanicus na Zambiya, faɗin hularsa kan kai mita ɗaya.

Ana cin sa, Yarbawa ma suna miya da shi. Amma tsirowa kusa da suri ba shaida ba ce cewa naman kaza na ciyuwa: Chlorophyllum molybdites, fari mai ƙwayoyin iri kore-kore, yana sa amai da gudawa mai tsanani.

Idan gara ta yi ƙaura, wani jinsin, Xylaria, kan mamaye gidan, ya fito siriri, wani lokaci da rassa. Yakan yi kama da naman kaza mai siffar murjani, irin su Ramaria da Clavulina na dazuzzukan Turai da Amurka ta Arewa, sai dai kamanceceniyar ta tsaya ga ido kawai, zuri'arsu daban ce. Yawancin su Ramaria da Clavulina da saiwar itatuwa suke hulɗa, ba da ƙwaro ba.